Zaibar Da Ke Tashi Sama Ta Sauka Cikin Kifi: Bayani Ga 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin da ake wankin zinariya a jihohin Zamfara, Neja ko Kebbi ya san zaiba, wato ƙarfen nan mai launin azurfa da yake gudana kamar ruwa. Ita ce kuma ake gani cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, zaibar da aka ƙona a wani ƙauye tana iya tashi sama, iska ta ɗauke ta tsawon dubban kilomita, sa'an nan ruwan sama ya sauko da ita cikin wani tafki, ta ƙare a tsokar kifin da za a kai kasuwa. Tun shekaru fiye da 50 da suka wuce wannan al'amari yake rufe wuraren su, yana jawo biyan diyya, yana kuma canza dokokin cinikin kifi tsakanin ƙasashe. Saboda haka ya dace mai harkar kifi, da mai sayen zinariya, da mai masana'anta, su san yadda abin yake tafiya da inda ya shafi aljihunsu.

Daga Ina Take Fitowa?

Zaiba tana nan cikin duwatsu da ƙasa tun asali, kuma aman wuta na duwatsu yana fitar da wani kaso zuwa sama ba da hannun kowa ba. To, amma ayyukan ɗan Adam ne suka ninka yawanta. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin rahoton da ta fitar na shekarar 2018, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2015 kaɗai ayyukan mutane sun tura kimanin tan 2,220 na zaiba cikin iska. Rahoton ya ce zaibar da ke sararin sama ta ƙaru da kusan kashi 450 cikin 100 a kan yadda za ta kasance in da ba a taɓa ta ba.

Mafi girman kaso, wato kimanin kashi 38 cikin 100, ya fito ne daga masu haƙar zinariya ta hanyar gargajiya da ƙananan masu haƙa. Ƙona gawayin kwal, musamman a tashoshin wutar lantarki da masana'antu, ya ba da kimanin kashi 21. Narkar da ƙarafa irin su tagulla, dalma da tutiya ya ba da kimanin kashi 15, masana'antun siminti kuma kimanin kashi 11. Sauran ya fito daga ƙona shara, da kayan da ke ɗauke da zaiba irin su dogayen ƙwayayen lantarki da wasu batura, da makamantansu. Idan aka raba bisa nahiyoyi, Asiya ce ke da kusan rabi, Kudancin Amurka tana da kashi 18, Afirka kudu da Sahara kuma tana da kashi 16, kuma mafi yawan na Afirkan daga wankin zinariya ne.

Dalilin da ya sa kwal da siminti suke cikin lissafin shi ne, akwai 'yar zaiba kaɗan a cikin kwal da farar ƙasar da ake yin siminti da ita. Kaɗan ce ƙwarai a cikin kowane tan, amma idan ana ƙona miliyoyin tan a shekara, sai kaɗan ɗin ta taru ta zama abin faɗa. Ita kuwa zinariya, hanyarta a fili take. Mai haƙa yakan niƙa dutse, ya wanke, ya zuba zaiba a kan abin da ya rage. Zaibar sai ta kama ƙwayoyin zinariya su dunƙule wuri ɗaya, kusan rabi zaiba rabi zinariya. Daga nan sai a ɗora dunƙulen a kan wuta, zaibar ta bi hayaƙi, zinariya ta rage. Abin da ya bi hayaƙin nan, wani ya shiga huhun mai ƙonawa da iyalinsa, sauran ya tafi sama.

Tafiyarta A Cikin Iska

Tururin zaiba ba shi da wari, ba shi da launi, kuma ba ya saurin narkewa cikin ruwa. Don haka yakan daɗe yana yawo a sama, daga wata shida har zuwa shekara ɗaya, lokacin da ya ishe shi ya kewaye duniya. A hankali wasu sinadarai na sararin sama suke sauya shi zuwa wani nau'i mai narkewa, sai ya sauko tare da ruwan sama ko ƙura. Ganyen itatuwa ma suna shaƙar sa, idan sun kaɗe su sauke shi ƙasa. Daga nan kwararar ruwan damina ta kwashe shi zuwa rafuka da tafkuna. Haka nan idan aka sa wa daji wuta, zaibar da ta kwanta cikin ciyawa da ƙasa takan sake tashi, ta ci gaba da tafiya.

Wannan ne ya sa matsalar ba ta san iyakar ƙasa ba. A ƙasashen Suwidin da Kanada an iske kifi mai yawan zaiba a tafkunan da ke can cikin daji, inda babu masana'anta ko ɗaya kusa. A Amurka, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta gwada kifin tafkuna 500 tsakanin 2000 da 2003, ta fitar da sakamakon a 2009. An sami zaiba cikin kowane samfurin da aka gwada, kuma a kusan rabin tafkunan kifaye masu cin 'yan uwansu sun wuce ma'aunin da hukumar ta sa.

Yadda Take Zama Dafi A Cikin Tafki

Zaibar da ta sauko daga sama ba ita ce mafi haɗari ga mai cin kifi ba, sai ta sauya kama. A ƙarƙashin tafki, cikin taɓon da iskar oksijin ba ta kaiwa, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a kan ruɓaɓɓen ganye da ciyawa. Su ne suke juya zaibar zuwa nau'in da masana ke kira metilmakyuri, wanda za mu kira zaiba mai dafi. Masu bincike na ƙasar Suwidin ne suka tabbatar da wannan a 1969. Bambancin wannan nau'i shi ne, da zarar ya shiga jikin abu mai rai sai ya manne da tsoka, fitarsa kuma ta yi wuya.

Daga nan sai taruwa ta fara. Gansakuka da ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani suna zuƙar ta daga ruwa. Ƙwari da 'yan ƙananan kifaye su ci waɗannan, matsakaitan kifaye su ci ƙanana, manya su ci matsakaita. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauƙi idan ya tuna yadda kuɗin buhun hatsi ke hawa daga gona zuwa dillali, zuwa mai mota, zuwa ɗan sari, zuwa mai awo, kowane hannu da abin da yake ɗorawa. Haka zaiba take ninkuwa a kowane mataki, har a kai ga babban kifin da zaibar da ke tsokarsa ta ninka ta ruwan da yake ciki sau miliyan ɗaya ko fiye. Ana iya samun tafkin da ruwansa ba ya cutar da mai sha, amma kifinsa yana buƙatar hattara.

Abubuwa uku ne suka fi nuna kifin da zai fi ɗauke da ita: irin abincinsa, girmansa da shekarunsa. A ruwayenmu, masu farautar 'yan uwansu irin su giwan ruwa, tsage, yauni da manyan tarwaɗa su ne ke saman matakalar, yayin da karfasa da sauran masu cin tsiro suke ƙasa. A teku kuwa, kifin shak da manyan tuna ne kan gaba, ƙananan kifaye irin su sadin da shawa suna da kaɗan. Ya kamata kuma a lura cewa wanki, dahuwa, suya ko banda ba sa cire ta, domin tana cikin tsokar ce. Busar da kifi ma ruwa kawai yake ragewa, zaibar tana nan daram.

Wani abin da ya shafi masu tsara manyan ayyuka shi ne madatsun ruwa. Idan aka gina dam, ruwa ya malale daji da gonaki, ruɓewar tsirran da ya rufe takan ba waɗannan bakteriya abinci mai yawa. A madatsun ruwan da aka gina a arewacin lardin Kwibek na Kanada daga shekarun 1970, zaibar da ke cikin kifi ta ninka sau da dama bayan cika tafkunan, kuma sai da aka yi shekara 20 zuwa 30 kafin ta koma kusa da yadda take a da.

Illarta Ga Mutum Da Darasin Minamata

Zaiba mai dafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take kai wa hari. Ga babban mutum, alamunta sun haɗa da mutuwar yatsu da leɓe, karkarwa, tangaɗi wajen tafiya, raguwar gani da ji. Amma wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan tayi, domin dafin yana ratsa mahaifa ya isa ƙwaƙwalwar da ke cikin ginuwa, ko da uwar ba ta ji komai a jikinta ba. Jikin mutum yakan ɗauki kusan wata biyu kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga, saboda haka mai cin gurɓataccen kifi kullum tarawa yake yi.

Duniya ta koyi wannan ne da tsada a garin Minamata na ƙasar Japan. Daga 1932 zuwa 1968 masana'antar kamfanin Chisso ta riƙa zubar da ruwan datti mai ɗauke da zaiba mai dafi cikin gaɓar tekun da masuntan garin suke kamun kifi. An gano cutar a hukumance a 1956, amma sai a 1968 gwamnati ta amince da musabbabinta. Ya zuwa watan Maris na 2001, mutum 2,265 aka tabbatar sun kamu, 1,784 daga cikinsu sun riga sun rasu, ban da dubban da suka karɓi diyya ta wasu hanyoyi. An shinge gaɓar da raga a 1974 don kada kifinta ya fita, ba a cire ragar ba sai a 1997. Wato sana'ar su ta wurin ta yi shekara 23 a ɗaure.

A lardin Ontariyo na Kanada ma, wata masana'anta da ke garin Dryden ta zubar da kimanin tan 9 na zaiba cikin kogi tsakanin 1962 da 1970. A 1970 aka hana kamun kifi na sayarwa a wurin, al'ummar Grassy Narrows da ta dogara da su da rakiyar baƙi masu yawon kamun kifi ta rasa hanyar abincinta a dare ɗaya. Waɗannan biyun zubarwa ce kai tsaye cikin ruwa. Ta iska kuwa ba ta kai su tsanani a wuri ɗaya ba, sai dai ta fi su faɗi, kuma ba a iya nuna ƙofar masana'anta ɗaya a ce ga mai laifi.

Lissafin Kuɗi

A ilimin tattalin arziki, wannan shi ne irin kuɗin da wani yake ci wani ya biya. Mai ƙona kwal ya sami wuta mai araha, mai wankin zinariya ya sami ribarsa, amma masunci da mai cin kifi a wata ƙasa su ne za su ɗauki asarar, ba tare da an rubuta ta cikin littafin kowa ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya ƙiyasta cewa raguwar kaifin basirar yaran da zaiba ta shafa tun suna ciki tana jawo wa ƙasar asarar kimanin dala biliyan 8.7 a kowace shekara, ta fuskar abin da za su samar idan sun girma.

Akwai kuma batun kasuwa. Tarayyar Turai ta sa iyakar rabin miligiram na zaiba a kowane kilo ga yawancin kifaye, da miligiram ɗaya ga wasu manyan masu farauta. Kayan da suka wuce haka ba sa shiga. Mun riga mun ga yadda irin wannan ƙofa take rufuwa a kan wasu dalilai. A 1999 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da kifi daga Tafkin Biktoriya saboda zargin amfani da guba wajen kamun kifi, masana'antun sarrafa giwan ruwa a Yuganda, Kenya da Tanzaniya suka shiga wani hali. A 2015 kuma ta hana shigar waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari. Darasin shi ne, mai saye a waje takardar gwaji yake nema, kuma laifin 'yan kaɗan yakan shafi kowa.

Ina Matsayinmu?

A nan akwai labari mai daɗi da ya kamata a faɗa. Binciken da aka tattara kan kifin ruwan daɗi na Afirka ya nuna cewa mafi yawansa yana ƙasa da iyakar da hukumomin lafiya suka sa, har ma ƙasa da abin da ake samu a tafkunan ƙasashen sanyi. Inda aka fi ganin hawa shi ne kusa da wuraren haƙar zinariya, kamar wasu kogunan ƙasar Gana da Tanzaniya. Don haka babu dalilin da zai sa mutum ya ƙaurace wa kifi. Kifi abinci ne mai gina jiki da ƙwaƙwalwa, kuma shi ne naman talaka a gidaje da yawa.

Sai dai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma abubuwan da ke ƙara haɗarin suna ƙaruwa. Farashin zinariya ya haye dala 2,000 kowane oza a 2020, ya haye 3,000 a watan Maris na 2025, ya haye 4,000 a watan Oktoba na 2025. Duk lokacin da farashi ya tashi, sai ƙarin matasa su kwarara zuwa ramukan haƙa, daga Zamfara da Neja har Komabangu da Jado a Jamhuriyar Nijar, da arewacin Sudan. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Wuraren haƙa da dama suna kan rafukan da ke zuba cikin kogunan da suka cika tafkunan Kainji, Jebba da Shiroro, waɗanda kasuwannin kifi irin ta Yawuri suka dogara da su. Annobar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta dalma ce, amma daga wannan sana'a ta fito, kuma ta nuna abin da ke faruwa idan aka mai da tsakar gida wurin sarrafa dutse.

Hukumomin tarayya sun sha bayyana cewa ƙasar nan tana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuma bai wuce sulusin haka da yawa ba. Giɓin ana cike wani ɓangarensa ne da kifin ƙanƙara da ake saya da kuɗin waje. Duk wani abin da zai taɓa amincin kifin cikin gida, ƙarin nauyi ne a kan naira.

Yarjejeniyar Minamata Da Abin Da Take Nufi Ga Ciniki

A watan Oktoba na 2013 ƙasashen duniya suka amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, ta fara aiki ranar 16 ga Agusta, 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Yarjejeniyar ta hana buɗe sababbin mahaƙun zaiba, ta ba tsofaffin wa'adin shekara 15, ta kuma sa sharuɗɗa kan cinikinta tsakanin ƙasashe. Ta buƙaci a sa na'urorin tace hayaƙi a sababbin tashoshin kwal, masana'antun siminti da na narkar da ƙarfe. Ta kuma sa ranakun daina ƙerawa da shigo da kayan da ke ɗauke da zaiba. A taron 2023 an amince a kawo ƙarshen man shafawa da sabulun bilicin masu zaiba daga 2025, da dogayen ƙwayayen lantarki masu zaiba ya zuwa 2027. Mai shigo da irin waɗannan kaya ya kamata ya duba rumbunsa tun da wuri.

Game da zinariya, yarjejeniyar ba ta haramta ƙaramin haƙa ba, domin mutum miliyan 10 zuwa 20 ne ke cin abinci da shi a duniya, kuma suna samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na zinariyar da ake haƙowa. Abin da ta nema shi ne kowace ƙasa ta tsara yadda za a daina munanan hanyoyi: zuba zaiba a kan ɗanyen niƙa gaba ɗaya, ƙona dunƙule a buɗe, da ƙona shi cikin unguwa.

Tambayar da mai zuba jari zai yi ita ce, idan an rage, kifin zai warke? An gwada wannan a wani tafkin bincike a Ontariyo, inda masana suka riƙa zuba zaiba mai alama daga 2001 zuwa 2007, sa'an nan suka tsaya. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa cikin shekara takwas wannan zaibar ta ragu sosai a jikin kifayen. A Amurka ma, bayan dokar 2012 kan hayaƙin tashoshin lantarki, zaibar da suke fitarwa ta faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2017. Ke nan kuɗin da aka kashe wajen ragewa yana dawowa cikin lokacin da mai jari zai iya jira.

Abin Yi

Mai sayen zinariya shi ne ya fi kowa ikon kawo canji, domin sau da yawa shi ke ba masu haƙa bashi, shi ke kawo musu zaiba, a shagonsa kuma ake ƙara ƙona zinariyar kafin awo. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, wadda maƙeran gida za su iya ƙerawa, da ke kama mafi yawan tururin ta mai da shi ruwan zaiba a sake amfani da shi. Wannan ceton lafiya ne, kuma ragin kuɗin saye ne. Akwai kuma hanyoyin tace zinariya da nauyinta ba tare da zaiba ba, waɗanda ƙungiyar masu haƙa za ta iya mallaka idan ta sami rance.

Mai fitar da kifi waje ya riƙa gwada kayansa, ya ajiye takardun, ya san kuma ruwan da kifin ya fito. Mai gonar kifi yana da rinjaye a nan, tunda kifinsa yana girma cikin 'yan watanni a kan abincin da aka sani, muddin ruwansa ba daga rafin wankin zinariya yake zuwa ba. Ga iyali kuwa, shawarar hukumomin lafiya ita ce mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara su ci gaba da cin kifi, amma su fi karkata ga ƙanana da masu cin tsiro, su rage manyan masu farauta.

Daga ƙarshe, akwai aikin da ya rataya a wuyan hukuma. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa, da hukumomin NAFDAC da NESREA, da jami'o'inmu, su ne za su iya riƙa auna kifin manyan tafkunanmu a kai a kai, su bayyana sakamakon ga jama'a. Ƙasar da ke da irin waɗannan alƙaluma tana iya kare kifinta a gaban kowane mai saye, tana kuma iya ganin matsala tun tana ƙarama. Kuɗin wannan awo ba abin da za a kwatanta ba ne da na rufe tafki guda na shekara 20.